Bulala ashirin ba ta shiga ɗakin 'yarka

A watan Nuwamba na 2022 wata kotun majistare a Kano ta sa aka yi wa wasu samari biyu 'yan TikTok bulala ashirin-ashirin, da tarar naira dubu goma-goma, da sharar harabar kotu ta kwana 30. Laifinsu bidiyon barkwanci a kan gwamnan lokacin, Ganduje. A 2024 kuma rigimar kamen 'yan TikTok ta kai Malam Daurawa ya ajiye shugabancin Hisbah, sai da aka sasanta ya dawo. Gwamnati ta canza, salon bai canza ba: a damƙe wanda ya yi suna, a ɗauki hoto, a ce an gyara tarbiyya.

To jama'a, wa ya damƙe wanda ke kiran 'yarka ta bidiyo ƙarfe ɗaya na dare?

Nan fa ɓarnar take, ba a dandalin da kowa ke gani ba. Yarinya 'yar shekara 14 ta ja bargo, ta maƙala abin ji a kunne, wani ƙato da ya tura mata katin ɗari biyar yana lallaɓa ta a WhatsApp. Ita tana ganin in an kashe kira magana ta ƙare. Shi kuwa tuni ya naɗi komai a wayarsa. Gobe sai barazana: ko kuɗi, ko ta sake, ko ya watsa. A unguwarmu an yi haka, wallahi. Iyayen suka cire yarinyar daga makaranta don kunya, shi kuma yana nan yana yawonsa a gari.

TikTok da kansa ya ce sai ɗan shekara 13 zai buɗe shafi, sai ɗan 18 zai yi shirin kai tsaye. Wa ke dubawa? Yaro ya ƙara wa kansa shekara goma, shi ke nan. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci kan hotunan batsa na yara, amma mun fi jin sunanta ranar da aka kama ɗan jarida ko wanda ya caccaki mai mulki.

Masu cewa a ƙwace wayoyin baki ɗaya, ku dakata. Da wayar nan yaro ke bitar lissafin JAMB a YouTube, da ita yake ganin fuskar babansa da ke neman kuɗi a Legas. In ka ƙwace, ta abokinsa zai ara, kuma ranar da abu ya ɓaci ba zai faɗa maka ba.

Mu 'yan siyasa kuma kar mu yi tsarki. Mu ne ke saya wa yaran nan data su zagi abokan hamayya, har na gidanmu ba su fita ba. Wakilanmu a majalisar jiha su faɗa mana: ina ofishin da uwa za ta kai ƙarar irin wannan a asirce, mace ta saurare ta, ba tare da sunan 'yarta ya fita ba?