Malamar 'ya'yan sarki da fada ta yi gaba da ita har kabari

A farkon 1950 wata mujallar matan Amurka, Ladies' Home Journal, ta fara buga wani labari kashi-kashi, wanda a cikin shekarar aka haɗa shi littafi mai suna The Little Princesses, wato ƙananan gimbiyoyi. Marubuciyarsa ita ce Marion Crawford, 'yar yankin Scotland da ta shafe kimanin shekara 16 tana koyar da Gimbiya Elizabeth da ƙanwarta Margaret a cikin gidan iyayensu. Duk wanda ya buɗe littafin yau yana neman abin kunya zai ajiye shi da takaici, domin daga farkonsa har ƙarshensa yabo ne da shauƙi. Amma saboda shi gidan sarautar Birtaniya ya yanke hulɗa da ita, bai sake waiwayarta ba har ta rasu a 1988.

An saba ba da wannan labari a matsayin misalin baran da ya ci amanar ubangidansa, kuma akwai gaskiya a cikin hakan. Sai dai wanda ya bi yadda lamarin ya faru daki-daki zai ga cewa abin da ya fi ɓata wa fada rai shi ne bakin da labarin ya fito. Fada na son duniya ta ji labarin gimbiyoyin. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne ma'aikaciya ta sa sunanta a kansa, ta kuma karɓi ladansa.

Wace ce Crawfie

An haifi Marion Crawford a 1909, ta yi karatun koyarwa a kwalejin Moray House da ke Edinburgh, burinta kuwa shi ne aiki da yaran talakawa. A 1933 ta shiga gidan Yarima Albert, ɗan Sarki George na Biyar na biyu, wanda a lokacin babu mai sa ran zai hau gadon sarauta. Aikinta ya bambanta da na mai raino: wanka da ciyarwa da kwantar da yara suna hannun wata mata daban, ita kuwa karatu da tarbiyya aka damƙa mata. Elizabeth ce ta laƙaba mata suna Crawfie, sunan da ya bi ta har ƙarshen rayuwa.

A watan Disambar 1936 Sarki Edward na Takwas ya yi murabus don ya auri Wallis Simpson, sarauta ta faɗo a kan mahaifin yaran, ya zama George na Shida. Dare ɗaya malamar da aka ɗauko don 'ya'yan ƙaramin yarima ta koma mai tarbiyyar magajiyar gadon mulkin daular da ta haɗa har da Najeriya. Ta bi su zuwa Fadar Buckingham, ta kuma zauna da su a ganuwar Windsor tsawon Yaƙin Duniya na Biyu. Saboda wannan aiki ta yi ta ɗage aurenta, ba ta auri George Buthlay ba sai a watan Satumbar 1947, tana da shekara 38, wata biyu kafin auren Elizabeth da Philip. Ba ta haihu ba.

Abin da ta faɗa a littafin ƙananan abubuwa ne na cikin gida. Ranar da ta fara ganin Elizabeth, ta same ta zaune a kan gado ta ɗaura igiyar rigar barcinta a jikin gadon tana kora dawakin da babu su. Yaran suna da dawakin wasa sama da talatin waɗanda suke kwance wa sirdi kowane dare. Elizabeth tana da son tsari har takan tashi cikin dare ta gyara jeren takalmanta. Crawfie ta taɓa fita da su suka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan don su ga yadda sauran mutane ke rayuwa. Ita ce kuma ta bayyana haɗuwar Elizabeth, tana da shekara 13, da matashin hafsan ruwa Philip a Dartmouth a 1939. Tun da Elizabeth ba ta taɓa zama a ajin makaranta da sauran yara ba, kusan duk mai rubuta tarihin rayuwarta daga baya sai ya koma ga wannan littafi in yana son sanin ƙuruciyarta.

Yadda aka kai ga bugawa

Bayan yaƙi, jami'an Birtaniya sun ga amfanin a buga labarai masu daɗi game da Gimbiya Elizabeth a Amurka don ƙarfafa zumuncin ƙasashen biyu. Editocin mujallar, Bruce Gould da matarsa Beatrice, suka nemi Crawford, wadda a lokacin ta yi ritaya tana zaune a Nottingham Cottage, wani ƙaramin gida a harabar Fadar Kensington da aka ba ta kyauta. Ta nemi izinin uwargidan sarki, mahaifiyar yaran. Amsar da ta samu a 1949 ita ce kada ta sa hannu a kan wani rubutu game da yaran, domin wanda aka amince wa dole ya kame bakinsa. Amma babu laifi ta taimaka wa wani ɗan jarida da fada ta yarda da shi, Dermot Morrah, da bayanai, muddin sunanta bai fito ba.

Crawford da mijinta suka bi wata hanya. Suka sa hannu a yarjejeniya da mujallar, aka biya ta kuɗi mai tsoka, yarjejeniyar kuma ta ba editocin damar bugawa ko fada ta amince ko ba ta amince ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da rubutun ya isa hannun uwargidan sarki ta nuna ɓacin ranta, aka cire wasu wurare, amma labarin ya fita da sunan Crawford. Kafin ƙarshen 1950 ta bar gidan Kensington ta koma Aberdeen. Daga nan fada ta tsaurara sharaɗin rufe baki a kwantiragin ma'aikatanta, sunan Crawfie kuma ya zama habaici a bakin fadawa ga duk ma'aikacin da ya sayar da labarin cikin gida.

Hujjar fada

Bai kamata a raina hujjar fada ba. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Yaro ba ya zaɓar wanda zai gan shi yana kuka ko yana rashin ji. Iyaye ne ke buɗe wa malami ƙofa, bisa fahimtar cewa abin da ya gani zai tsaya a nan. Elizabeth da Margaret ba su ba kowa izinin bayyana wa miliyoyin mutane halayensu na ƙuruciya ba, kuma daɗin labarin bai mayar da shi halal ba. Ga yarinyar da tun tana da shekara goma idon duniya ke kanta, ɗakin karatu yana cikin 'yan wuraren da take sakin jiki. Gano cewa wannan ɗakin ma yana da taga zuwa kasuwa ba ƙaramin rauni ba ne.

Abin da Crawford ta yi daga baya ma bai taimaki masu kare ta ba. Ta mayar da abin sana'a: ta fitar da wasu littattafai a kan Sarauniya Mary da Elizabeth da Margaret, tana kuma da fili a mujallar Woman's Own. A 1955 filin ya kwatanta faretin sojoji na bikin ranar haihuwar Sarauniya da sukuwar dawaki ta Ascot kamar ta gani da idonta, alhali yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa ya sa an soke na farko an ɗage na biyu. An riga an rubuta tun kafin ranar. Wannan abin kunya ne ya kawo ƙarshen rubutunta.

Inda hujjar ta gaza

Duk da haka, in da sirrin yaran ne abin karewa, da an hana bayanan fita ta kowace hanya. Ba a yi haka ba. An yarda Crawford ta zuba abin da ta sani a kunnen wani, ya rubuta da sunansa. Wato bayanan ba su da aibi matuƙar fada ce ke riƙe da linzami. Aibin ya bayyana ne sa'ad da ma'aikaciya ta ɗauki kanta a matsayin mai labari, ta ɗauki shekaru 16 da ta yi a fada a matsayin wani yanki na rayuwarta ita ma. Kuma rayuwarta ce: ƙuruciyarta da damar haihuwarta a can suka ƙare.

Abin da ya biyo baya ya ƙara fito da wannan. A 1969 Sarauniya Elizabeth da kanta ta bar masu ɗaukar hoto na talabijin suka shiga har wurin cin abincin iyalinta. Gimbiya Diana ta ba Andrew Morton bayanan da ya rubuta littafin da ya fito a 1992, wanda ya fallasa halin da aurenta ke ciki. A 1994 Yarima Charles ya ba Jonathan Dimbleby haɗin kai wajen rubuta tarihinsa, inda aka nuna iyayensa a matsayin masu nisa da ɗansu. A watan Janairun 2023 Yarima Harry ya fitar da Spare, ya ba da labarin faɗansa da yayansa William a ɗakin girkin Nottingham Cottage, gidan nan dai da Crawford ta bari. Bayan wata huɗu yana zaune a majami'ar Westminster wajen naɗin mahaifinsa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan littattafai ya yi wa fada ɓarnar da ta ninka ta Crawfie. Laifi tudu ne. Jini yakan samu hanyar komawa gida, bara kuwa in an rufe masa ƙofa shi ke nan.

Akwai wata 'yar Scotland ɗin da ta yi aiki a gidan a zamani ɗaya da Crawford, Margaret MacDonald, wadda ake kira Bobo. Ta fara kula da Elizabeth tun tana jaririya a 1926, ta zama mai shirya mata tufafi, ba ta yi aure ba, ba ta kuma taɓa cewa uffan ga 'yan jarida ba. Ta rasu a cikin Fadar Buckingham a 1993 bayan shekara 67 tare da uwargijiyarta, Sarauniya ta halarci jana'izarta. Crawford kuwa ta ƙarasa rayuwarta a wani gida da ke kusa da hanyar da iyalan sarauta ke bi zuwa Balmoral duk shekara, babu wanda ya taɓa tsayawa. Mijinta ya rasu a 1977. Da ta rasu a watan Fabrairun 1988 ko furen ta'aziyya fada ba ta aika ba. Ita kuwa wasiƙun da iyalan sarauta suka rubuta mata, waɗanda da ta sayar da ta samu dukiya, ta yi wasiyyar a mayar wa Sarauniya.

Matan biyu sun nuna farashin da aka yanka. Wadda ta ba da rayuwarta duka har da muryarta an riƙe ta kamar 'yar gida. Wadda ta ba da ƙuruciyarta amma ta riƙe muryarta an shafe ta. Ana iya yarda cewa Crawford ta yi wa yaran da ta rena laifi, a kuma yarda cewa gabar shekara 38 ta wuce girman laifin nesa ba kusa ba. Hukuncin da ya kai wannan tsawo ya daina zama fushin iyaye, ya koma gargaɗi ga sauran ma'aikata.

Tambayar ba ta tsaya ga fadar Ingila ba, domin duk babban gida yana da malamai da direbobi da masu raino waɗanda suka san cikinsa fiye da wasu 'yan gidan. Amana iri biyu ce ke wuyansu, kuma masu gida sukan so a ɗauke su abu ɗaya. Akwai amanar yaro, wadda ba ta tsufa, ba ta kuma da farashi, domin mai ita bai isa ya kare kansa ba lokacin da aka ɗauke ta. Akwai kuma shirun da babban gida ke nema don kare martabarsa, wanda shi yarjejeniya ce tsakanin manya, tana da iyaka, kuma ɓangarorin biyu take ɗaurewa. Crawford ta taɓa ta farko, don haka ta cancanci zargi. Fada ta hukunta ta a kan ta biyu, yarjejeniyar da 'ya'yan gidan suka yi ta karyawa bayanta ba tare da an shafe sunansu ba.