KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI

Ya ku 'yan'uwanmu talakawa na Yalwa da Rano da Kibiya, yau maganarmu a kan 'ya'yanmu ce da ke aiki a kamfanonin ba da shawara, watau waɗanda Gwamnati kan biya su auna ƙasa, su ƙidaya gonaki, su rubuta mata rahoton yadda za a yi aiki.

Waɗannan kamfanoni ba baƙi ba ne a wurinmu. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar Tiga, aka gama a 1974, kuma wani kamfanin ƙasar Holan, NEDECO, ya tsara noman ranin Kadawa, wanda ruwansa ke bi ta Ruwan Kanya a nan ƙasar Rano. A 1982 aka kafa KNARDA da kuɗin Bankin Duniya. A 2014 aka zo da shirin TRIMING don gyaran magudanan ruwan. Fiye da shekara 50 ke nan ana auna ƙasarmu. To, jama'a, cikin yaranmu da suka riƙe igiyar awo, nawa ne suka kai ga sa hannu a rahoto?

Ga yadda abin yake. Za a ɗauki yaro mai takardar makaranta a ce aikin wata shida ne. Shi ne tafinta, shi ne ɗan jagora. Shi zai sha rana gona gona yana tambayar manoma, shi ya san fadamar da ruwa ke ci da wadda ba ya ci, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ran da aka ɗaure rahoto aka kai Abuja, ko sunansa babu. Kwangila ta ƙare, a sallame shi da baki. In wata ta samu, a sake kiransa a matsayinsa na jiya, a ɗora masa ɗan wani babba a kai, shi kuma ya koya masa aikin. Ba mu kama sunan kowa ba, kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin wannan ba daidai ba ne. Yaron shago kan fara da shara da dako, ya koma awo, a ba shi riƙon ciniki, a riƙa aikensa Kantin Kwari ko Dawanau saro. In ya yi shekaru da amana, maigida ya ba shi jari ya yaye shi. Wanda ya tsufar da yaronsa a kan shara, kasuwa duka za ta yi tir da shi. Shin abin da mai rumfa ya sani, mai digiri ne bai sani ba?

Doka ma tana bayanmu. Dokar ƙwadago ta 1974 ta ce lebura ko akawu a ba shi sharuɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su wuce. Dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya zuba wa ma'aikaci kashi 10 cikin 100, shi kuma ya zuba 8. Tun 1971 aka kafa asusun ITF don horar da ma'aikata.

Saboda haka muna kira ga Gwamnati, duk kwangilar da za ta bayar a ƙasarmu ta sa sharaɗin koyar da 'yan ƙasa, a kuma duba ko an cika kafin a biya. Muna kira ga kamfanoni su bayyana matakan ƙarin girma kowa ya gani, su sa sunan wanda ya yi wahala a rahoto, su ba shi takardar shaida ran sallama.

Mu ma da laifinmu. Muddin muna bin ƙofofin manya muna neman wa 'ya'yanmu alfarma, ba mu da bakin kuka in an yi wa ɗan wani. Ku kuma samari, kada ku fara aiki sai da takarda, kuma ku sa ido ku koyi abin da injiniya ke yi, gama kwangila takan ƙare, sana'a kuwa tana nan.

Allah ya ba talaka sa'a. Amin.