Jiran Sabuwar Na'ura Ko Jiran Gawon Shanu?



A 'yan watannin nan wata magana ta shigo ɗakunan malamai, tun daga Talata Mafara har Bakura da Maradun, ta hanyar bidiyoyin da matasanmu ke nuna mana a waya. Maganar ita ce ta na'urar nan da ake kira firintar 3D, wadda ba takarda take bugawa ba, abu take ƙerawa da roba: a zana mata siffa a kwamfuta, bayan ɗan lokaci a ɗauki abin a hannu. Wasu daga cikinmu har sun fara lissafin yadda za a yi karo-karo a sayo ɗaya domin kayan koyarwa. Wasu kuma, waɗanda suka fi bibiyar labarin, cewa suke a dakata tukuna, wai akwai sabuwa tafe, mai launuka da yawa, mai saurin gaske, mai ido da ke lura da aikinta. Wannan ya ce kafin ƙarshen shekara za ta fito, wancan ya ce sai bayan azumi. A ganina ɓangarorin biyu suna jayayya ne a kan ranar da baƙo zai iso, alhali ba wanda ya tambaya ko shi ne baƙon da gidan ke bukata.

Ga wanda bai taɓa ganin ta ba, aikinta bai wuce na maginin rumbu ba. Magini yakan ɗora laka zobe ɗaya, ya bari ta sha iska, sannan ya ɗora wani a kai, har rumbu ya tashi. Haka ita ma. Ana ciyar da ita da zaren roba mai kaurin milimita 1.75, wanda ake sayarwa a naɗe, yawanci kilo guda. Tana narkar da shi da zafin da ya kai digiri 200, ta fitar da shi ta wani tsukakken baki, ta shimfiɗa shi a kan faranti, layi bisa layi, kowane layi bai fi kaurin takardu biyu ba. Shi ya sa take da nawa. Abin da bai fi tafin hannu ba yakan ci awa guda ko biyu, babba kuwa sai ya kwana ana yi.

Ba sabuwar dabara ba ce. Wani Ba'amurke mai suna Scott Crump ne ya nemi rajistar mallakarta a 1989, kuma shekara ashirin tana hannun manyan masana'antu saboda tsada. A 2005 wani malamin Jami'ar Bath ta Ingila, Adrian Bowyer, ya fara aikin da ya kira RepRap, ya kuma saki zanensa kyauta domin kowa ya haɗa tasa. Da wa'adin rajistar ya ƙare a 2009 sai ƙofa ta buɗe. A 2013, a Lome ta ƙasar Togo, Afate Gnikou ya haɗa tasa da tarkacen tsofaffin kwamfutoci da firintoci da ya tsinto a juji. Zuwa 2018 kamfanin Creality na Sin ya fitar da Ender 3 a kan kusan dala 200. Na kawo wannan tarihi ne domin a ga cewa abin da ya sauko da na'urar daga masana'anta zuwa teburin talaka shi ne arha da sauƙin gyara, ba ƙyale-ƙyale ba.

Daga 2022 ne kasuwar ta sauya fuska, lokacin da kamfanin Bambu Lab na birnin Shenzhen ya shigo da na'urori masu sauri, masu saita kansu, masu iya canza launin zare. Tun daga nan masu sha'awar abin suka koma rayuwar jira. Duk watan Nuwamba ana baje kolin Formnext a Frankfurt ta Jamus, kuma kafin ranar sai jita-jita ta cika duniya: hoton da aka ce ya sulale daga masana'anta, takardar da aka ce an gani, farashin da wani ya ce ya ji. Misali guda ya isa. An daɗe ana dakon babbar na'urar Bambu Lab a ƙarshen 2024, kamfanin ya ɗage, sai a watan Maris na 2025 ta fito da sunan H2D, da bakuna biyu, kuɗinta kuma a kewayen dala 2,000. Kafin masu saye su gama kwance kwalinta, zance ya koma kan wasu masu kawuna da yawa, waɗanda ke canza launi ba tare da ɓarnar zare ba. Wanda ya ce sai ta ƙarshe ta fito zai saya, to ya shirya tsufa a bakin hanya.

Yanzu mu dawo gida mu auna waɗannan alkawura da ma'auninmu.

Launuka huɗu ko takwas a abu ɗaya sha'awa ce ta mai ƙera 'yar tsana. Mu fenti da buroshi sun ishe mu, kuma ɗaliban aji biyar za su yi farin cikin shafawa. Sauri ma ba shi ne damuwarmu ba, domin na'urar da ke jiran wuta kwana biyu ba ta amfana da rage minti ashirin. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda sababbin ke ƙara jingina da intanet. A watan Janairun 2025 Bambu Lab ya sanar da wani sabon tsari da zai sa muhimman umarni ga na'urar su riƙa bi ta manhajarsa da izininsa. Masu amfani da ita a ƙasashe da dama suka yi ca, har kamfanin ya ƙara wata kafa ga masu son sarrafa tasu da kansu. Su can gardamar 'yanci suke yi. Mu nan mun san abin a jikinmu. A watan Satumbar 2021, bayan ɗauke ɗalibai a Kaya ta Maradun, an rufe makarantu, an kuma katse layukan sadarwa a faɗin jihar nan na tsawon makonni. Na'urar da sai ta gaisa da Shenzhen kafin ta motsa, a irin wannan rana ba ta fi akwatin banza ba.

Siffofin da ya kamata mu tambaya ba su cika fitowa a talla ba. Shin tana karɓar aiki daga katin ajiya ko filas, ba tare da layi ba? In wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, tana ci gaba daga inda ta tsaya, ko sai a zubar da na awa huɗu a sake daga farko? Wat nawa take ja? Ƙananan cikinsu, in faranti ya gama ɗaukar zafi, ba su cika wuce wat 150 ba, wato sola matsakaiciya da batir mai lafiya za su riƙe su. Tana da rufi da zai kare ta daga ƙurar hunturu? Bakinta, wanda faɗin hujinsa milimita 0.4 ne kacal, in ya toshe, ana samun wani a Kano ko Sakkwato, ko sai an yi aike zuwa ƙetare? Mai gyaran waya na bakin kasuwar Talata zai iya buɗe ta ya gane kanta? Duk waɗannan akwai su a na'urorin da suka shekara biyu ko uku a kasuwa, waɗanda aka riga aka san lagonsu. Sabuwa fil kuwa, wanda ya fara saye shi ne zakaran gwajin dafi, kuma ba a yi gwajin dafi da kuɗin karo-karon malaman firamare ba.

Shi kansa zaren yana da nasa hali. Wanda aka fi amfani da shi, PLA, yakan fara laushi tun daga digiri 60. Duk wanda ya san cikin mota a rufe, ko sito mai rufin kwano a watan Afrilu, ya san abin da nake nufi: a ajiye harafi miƙaƙƙe, a dawo a tarar ya lanƙwashe. PETG ya fi shi jure zafi. Da damina kuma zare yakan sha laima ya lalace in ba a rufe shi ba. Na ji masu cewa ai za mu narkar da ledar fiya-wata mu huta da saye. Ba ta yi, irin robarta daban ce. Gorar ruwan roba ita ce ke yiwuwa, kuma an yi: wata na'ura mai suna Polyformer, wadda aka ƙirƙira saboda tsadar zare a Ruwanda, tana yanka gora ta mai da ita zare, har ta sami lambar yabo ta James Dyson a 2022. Amma wannan darasin gaba ne, ba na ranar farko ba.

Batun lokaci kuwa, kalandarmu daban take da ta masu jita-jita. Mutumin Jamus in ya jira shekara guda, farashi sauka yake yi. Mu kuwa mun ga dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati a farkon 2023, ta haura 1,500 a 2024. A wannan lissafi na'urar dala 200 ta zama naira 300,000 tun kafin kuɗin dako da na kwastan, wato fiye da wata huɗu na mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Ta dala 2,000 kuwa miliyan uku ce, albashin shekara uku da rabi. Wannan ita ce wadda ake ce mana mu jira ƙanwarta.

Na san abin da dattawanmu a aikin nan za su ce, kuma suna da gaskiya. Yara na zaune a ƙasa, rufin aji na yoyo, ƙarin girma ya maƙale shekara da shekaru, wa ke maganar injin roba? Ba don wasa ba gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a Nuwambar 2023. Sannan duk wanda ya bi ta kwalejin horar da malamai, ta Maru ko wata, an koya masa ƙirƙirar kayan koyarwa da abin da ke kusa: kwali, laka, marfin kwalba, tsakuwa, karan dawa. Yaron da ke haɗa motar kara da ƙofofinta ba na'ura yake jira ta koya masa fasaha ba. Kashi tara cikin goma na abin da ake nuna mana a bidiyo, kafinta da guntun falanki zai yi shi da arha.

Sai dai akwai kashi ɗayan nan, kuma shi ya sa ban ce a watsar da maganar ba. Ku duba haruffan roba da ake sayarwa a kantuna. Za ku tarar da p da q da v da x, waɗanda Hausa ba ta aiki da su, amma ba za ku sami ɓ ko ɗ ko ƙ ba, domin masana'antar da ta zuba su ba ta san da zamanmu ba. Waɗanda suka yi horon karatu na shirin RANA sun san darajar yaro ya ga harafi, ya faɗi sautinsa, ya jera shi da hannunsa. Yaya za a yi ya jera baƙi ya bambanta shi da baki, ko ƙafa da kafa, ko faɗa da fada, in harafin da ke raba su babu shi a cikin gwangwani? Ba wani kamfani da zai sassaƙa mazubi saboda makarantun Bakura, amma wannan na'ura ba ta bukatar mazubi. In harafi ɗaya ya ci giram goma, kilo guda na zare zai ba da ɗari. Haka haruffan ajami ga makarantunmu na Islamiyya. Haka, kuma wannan ya fi komai muhimmanci, rubutun makafi mai ɗigo shida, wanda sai tsayi da tazarar kowane ɗigo sun daidaita yatsa ke iya karanta shi. Laka ba ta ba da wannan, wuƙar kafinta ma haka. Akwai kuma yankakkun da'ira na koyar da rabi da sulusi da rubu'i, waɗanda in ba su haɗu cif ba sai darasin ya koyar da ƙarya. Ni da za a tambaye ni, zan ƙara da siffar madatsar ruwan Bakalori da ƙofofin magudananta, domin 'ya'yan manoman da ke shan ruwanta su riƙe ta a hannu su ga yadda ruwa ke barin tafki ya isa gonar shinkafar ubansu.

Wannan aiki bai bukaci na'ura a kowace makaranta ba, kuma a nan ne ƙungiya za ta buɗe ido. Ranar da wani ɗan kwangila ya ji cewa malamai na sha'awar abin, za mu wayi gari an jibge mana kwalaye, an ɗauki hoto, an kulle su a ofishin hedimasta, kamar yadda kwamfutoci da yawa suka tsufa a cikin ledarsu ba a taɓa kunna su ba. Na'ura ɗaya ko biyu sun ishi ƙananan hukumomin nan uku, muddin suna wurin da ke da wuta, da tsaro, da wanda zai iya gyara. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a nan Talata Mafara, da malaman injiniya da ɗaliban da kullum ke neman aikin kammala karatu. Ina roƙon shugabannin reshe su rubuta mata, su kuma rubuta wa sakatarorin ilimi da hukumar SUBEB, a nemi gwaji na zango guda da ƙaramar na'ura wadda ta riga ta yi suna, ba daga albashin kowa ba. A zaɓi malamai biyu daga kowace ƙaramar hukuma, mata a ciki, a koya musu zane, domin zanen shi ne ainihin sana'ar, kuma ana iya fara koyon sa yau da manhajoji na kyauta irin su FreeCAD, ko da na'urar ba ta zo ba.

Kafin taron reshe mai zuwa, kowane malamin aji ɗaya zuwa uku ya rubuto abu uku da ya nema a kasuwa ya rasa, ya kuma kasa yi da kwali ko laka. In takardun suka taru aka ga ba su cika shafi ba, a bar maganar a koma kan benci da alli. In sun cika, a fara da ɓ da ɗ da ƙ, a kai su aji ɗaya a Maradun, a dawo bayan wata uku a ƙirga nawa suka karye, nawa suka lanƙwashe, yara nawa kuma suka iya jera ƙafa daidai.