Kafin A Yanka Filin Kiwo A Gina Filaza A Ƙasar Yauri



Akwai wata magana da ta yi ƙarfi a bakin mutanenmu kwanakin nan, a zaurukan WhatsApp da majalisun dare, kuma tunda kakar zaɓe na ƙara matsowa, na san sai abin da ya ci gaba. Wai lokaci ya yi da Yauri za ta waye: a samu makeken fili a bakin titin Kontagora ko a gefen tafki, inda shanu ke kiwo, a share shi, a kira masu kuɗi su gina rukunin shaguna na zamani, da otal, da gidajen haya na manya, da wurin shan iska mai kallon ruwa. Har hotunan Dubai da Abuja ake turowa, ana cewa ga yadda Yelwa za ta koma. Wanda duk ya ce a dakata, sai a ce masa maƙiyin ci gaba.

To ni dai ina cikin masu cewa a dakata, kuma a nan cikin gida zan faɗi dalilina. Gara mu gaya wa juna gaskiya yanzu da a gaya mana ita a bakin akwati.

Hujjar masu wannan ra'ayi guda ce: ai fili ne kawai, babu komai a kansa. Wannan maganar wanda ya ga wurin ta gilashin mota ne. Duk wanda ya zauna a Ngaski ko Shanga ya san tafkin Kainji ba a tsaye yake wuri ɗaya ba. Ruwa na cika ya kai maƙura, sannan idan rani ya yi nisa ya ja baya, ya bar ƙasa mai laima da ɗanyar ciyawa a lokacin da tudu ya bushe ƙurmus. Wannan ƙasar ce ke riƙe da garke har damina ta sauka. A nan manomin rani ke dasa albasarsa, a nan masunci ke jawo jirginsa ya shanya koma. Filin da ke tsakanin titi da ruwa kuwa, ta cikinsa burtali ya bi zuwa mashaya. Ka toshe shi da katanga, to ka raba dabba da ruwa, ko da ba ka taɓa ruwan ba. Saniya kuma ba ta karanta allon sanarwa. Inda ta ga hanya nan za ta bi, kuma hanyar da za ta rage mata ita ce gonar wani.

Mu mutanen wannan yanki bai kamata a koya mana abin da ake nufi da ɗauke mutum daga ƙasarsa da sunan ci gaba ba. An fara aikin madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Mutane kusan 44,000 aka tasa daga garuruwansu. Tsohuwar Busa ta nutse, tsibiran Gungawa da dama ruwa ya haɗiye su, tare da gonaki da kusheyin iyaye da kakanni. An ce wa iyayenmu su yi haƙuri, wutar lantarki za a samar wa ƙasa. An samar ɗin kuwa, ta haskaka Legas da Kaduna, har Jamhuriyar Nijar ta sha. Amma yau, bayan shekara fiye da 50, akwai ƙauyuka a bakin wannan ruwa da fitilar batir ce haskensu. Kafa hukumar HYPPADEC ma ai amincewa ce da cewa an bar yankunan madatsun ruwa a baya. Saboda haka idan wani ya zo da zanen gini mai ƙyalli ya ce a ba shi ragowar ƙasar, haƙƙinmu ne mu tambaye shi: wa zai ci riba, wa zai ɗauki asara?

Amsar tana cikin doka, kuma ina so matasanmu su san ta. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin mallaka saboda maslahar jama'a. Sashe na 29 kuwa ya yi maganar diyya, kuma diyyar ta abin da aka gina ne ko aka shuka a kan ƙasar. Mai gida za a ƙiyasta gininsa. Mai gona za a ƙirga amfanin da ke ciki. Makiyayin da kakansa ya yi kiwo a wurin fa? Ciyawa ba shi ya shuka ba, mashaya ba shi ya haƙa ba, takarda kuma ba shi da ita. Da sandarsa zai tashi. Shi ya sa filin kiwo ya zama nama mai laushi ga dillalan filaye a ko'ina a Arewa: shi ne ƙasar da za a karɓa ba tare da an biya kowa ko sisi ba.

Gwamnatin Jihar Arewa ta hango wannan tun 1965, ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Ana maganar wurare kusan 415 a faɗin ƙasa, amma waɗanda aka yi wa gazet, wato aka shigar da iyakokinsu cikin kundin gwamnati, ba su wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Wanda ba a rubuta iyakarsa ba kuwa, a hankali ake cinye shi, yau gona, gobe fuloti, jibi gidan mai.

Na san wasu za su ce ai a Amurka ma an yi. Gaskiya ne. A jihar Kalifoniya akwai wani gandun kiwo na iyalan Irvine, mai faɗin eka fiye da 90,000, inda aka yi kiwon tumaki da shanu shekaru da yawa. Yau birni ne sukutum, da manyan kasuwannin 'yan gayu irin su Fashion Island da aka buɗe a 1967. Amma a karanta labarin har ƙarshe. Na ɗaya, ƙasar ta kamfani ɗaya ce mai takarda, shi ya ga dama ya sauya sana'a, ba a tashi wata al'umma mai kiwo a kai ba. Na biyu, kafin a yi maganar kanti, sai da suka ba Jami'ar Kalifoniya eka 1,000 a kan dala 1 tak. Jami'a ta zo, ayyuka suka zo, masu albashi suka zauna, sannan kanti ya biyo su. Na uku, sun ware wani babban kaso na ƙasar suka ce ba za a taɓa gini a kai ba. Mu kuma so ake mu fara daga wutsiya, mu gina kanti mu zauna jiran mai saye.

Ba sai mun je Amurka ba ma, Kano ta ishe mu darasi. An buɗe katafaren rukunin shagunan Ado Bayero a titin Gidan Zu a 2014, da Shoprite a ciki, aka yi ta ɗaukar hoto. A farkon 2024 Shoprite ya rufe reshensa na wurin. Kano ke nan fa, cibiyar kasuwancin Arewa, mai mutane miliyoyi. Idan ciniki bai riƙe irin wannan kanti a Kano ba, da wane aljihu za a riƙe shi a Yelwa ko Wara?

Darasi na biyu daga Kano ya fi zafi. An yanka filayen jama'a, har da gefen filin Idi, aka gina shaguna, 'yan kasuwa suka zuba jarinsu. Gwamnati ta sauya a 2023, cikin watan Yuni aka sa katafila. Magana ta je Babbar Kotun Tarayya, ta ce a biya masu shagunan filin Idi diyyar naira biliyan 30. Ba na shiga rigimar wa ya yi daidai. Abin lura a gare mu shi ne, filin jama'a da aka bayar ba tare da yardar jama'a ba, rigimarsa ba ta mutuwa. Mai jari ya yi asara, baitulmali ya yi asara, jam'iyyar da ta sa hannu kuma ita ake jifa da maganar a kowane zaɓe.

Yanzu mu tambayi kanmu, daga ina kuɗi ke shigowa ƙasar Yauri? Daga albasa, da shinkafa, da kifi, da dabbobi, da ɗan abin da masu haƙar zinariya ke samu. Haka abin yake tun zamanin fataken goro masu zuwa Gwanja, waɗanda ke yada zango a Yauri: garin ya yi arziki ne saboda kaya na bi ta cikinsa, kuma ƙasarsa da ruwansa na fitar da abin sayarwa. Mai shagon atamfa a kasuwar Yelwa ya san ranar da yake ciniki, ranar da Bafulatani ya sayar da sa ne, ranar da manomi ya loda buhunan albasa a mota. Ka kori garke daga yankin don ka gina shago, ka kori mai sayayyar shagon ke nan. Wa ya taɓa sare reshen da yake zaune a kai ya zauna lafiya?

Ga kuma maganar da ba a son taɓawa, ta tsaro. Babu wanda ya manta 17 ga Yuni, 2021, ranar da aka kwashe ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. Ba na cewa duk wanda ya rasa wurin kiwo zai ɗauki bindiga, wannan zalunci ne ga dubban makiyayan da ke zaune lafiya da maƙwabtansu, waɗanda su ma ake sace wa shanu. Amma duk wanda ya bi tarihin abin da ya faru a Zamfara ya san cinye burtali da wuraren kiwo na cikin abubuwan da suka fara hura wutar. Mu da muke ganin hayaƙi a gidan maƙwabci, bai dace mu tara kara a namu ba.

To shi ke nan kada a yi komai? A'a. A yi, a yi da yawa ma, amma a gina kasuwar da ta dace da abin da muke da shi. Manomin albasa na kallon kayansa na ruɓewa, dole ya sayar da araha lokacin kaka. A gina masa rumbunan ajiya masu iska. Masunci na banda kifinsa cikin gaggawa don kada ya lalace. A samar masa ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana, da injin ƙanƙara. Kara na buƙatar ruwa, da inuwa, da wurin lodi, da likitan dabbobi, da mayanka mai tsafta. Matan Fulani na buƙatar wurin tara madara mai firji, yadda nono zai zama kuɗi kullum. Tunda Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi a 2024, ga ƙofar da wakilanmu za su ƙwanƙwasa.

Sai tashar jiragen ruwa. A watan Mayun 2021 jirgi ya kife kusa da Wara da mutane fiye da 100 a ciki, da yawansu neman abinci ya fito da su. Yankin da mutanensa ke zuwa cin kasuwa ta kan ruwa, tasha mai tsari, da jirage masu lafiya, da rigunan kariya, da mai ƙirga fasinja, su ne farkon kasuwar zamani. Wanda kuma ke son gina filaza da kuɗinsa, bismillah, babu mai hana shi. Cikin gari akwai filaye masu takarda da tsofaffin gine-gine da za a iya saye a sabunta. Ya saya da farashin kasuwa, kamar kowa. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki na jama'a kyauta a miƙa wa mutum biyar.

Saboda haka ga abin da nake roƙon mu tambayi duk mai neman tikiti a wannan yanki, kansila ne, ko shugaban ƙaramar hukuma, ko ɗan majalisa. Zai tsaya a auna wuraren kiwo da burtali da mashaya na Yauri da Ngaski da Shanga, a kafa musu alama, a yi musu gazet? Zai yarda duk filin gwamnati da za a bai wa ɗan kasuwa a liƙa sunansa, da faɗin filin, da abin da ya biya, a sakatariya inda kowa zai gani? Zai yarda kada a sa hannu sai an zauna da masarauta, da hakimai, da arɗo-arɗo, da sarakunan ruwa, da ƙungiyoyin manoma, zama na gaske ba na shan lemo ba? Idan maslaha ta tilasta a taɓa wani wuri, zai tabbatar an ba da madadinsa mai ruwa kafin katafila ta shiga? Wanda ya amsa, a rubuta a ajiye. Wanda ya kauce, mun gane.

Ku tuna, 'yan uwa, ranar zaɓe ba mai otal ne zai tsaya a layi cikin rana ba. Mai koma ne, da mai sanda, da mai fartanya, da matansu. Ƙuri'unsu muke zuwa nema da waƙa da kiɗa, to mu kare musu inda suke cin abinci tun kafin su roƙa.

Wanda ke da hujjar da ta fi tawa, ya kawo ta, da lissafi, ba da hoton Dubai ba. Allah Ya zaunar da ƙasar Yauri lafiya, Ya ba shugabanninmu masu ba su shawara ta gari.