Shafukan Intanet Da Ya Kamata Mutanen Gaya Su Riƙa Buɗewa

A ƙarshen watan Yulin 2023, bayan sojoji sun karɓi mulki a Yamai kuma ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, gadar da ta haɗa Gaya da Malanville ta daina ganin jerin gwanon manyan motocin da suka saba tasowa daga tashar jiragen ruwan Kwatano. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe, fasinja da kaya suka koma kwale-kwale. A garin da ke rayuwa da iyaka biyu, ga Malanville a ƙetaren kogi, ga Kamba ta jihar Kebbi a gabas, irin wannan hali yakan sa kowa ya baza kunne. An ce gobe za a buɗe gada. An ce naira ta sake faɗuwa. An ce ruwa ya cika a Yamai, yana tafe. Duk wannan "an ce" a saƙon murya na WhatsApp take yawo, ba a san mafarinta ba, amma a kanta ɗan kasuwa yake sayar da masararsa ko ya riƙe ta.

Abin takaicin shi ne da yawa daga cikin waɗannan tambayoyi suna da amsa a fili, kyauta, a wasu shafukan intanet da akasarinsu a Yamai ake kula da su. Wayar da matashin Gaya yake kallon TikTok da ita tana iya buɗe su, kuma karanta shafin rubutu bai cin data kamar bidiyo. Ya kamata garin ya san waɗannan shafuka, ya kuma samar da masu ɗauko abin da ke cikinsu su mayar da shi Hausa da Dandanci da Zabarmanci.

A fara da kogi, domin shi ne mai ba Gaya shinkafa da kifi, shi ne kuma mai cinye mata gonaki. Kogin Isa yakan cika sau biyu a shekara a wannan yanki. Akwai cikar damina ta watannin Agusta da Satumba, wadda ruwan sama da ƙoramu ke kawowa da gaggawa, jajir da laka. Akwai kuma ta lokacin sanyi, wadda ke tasowa tun daga tsaunukan Gini, ta yi watanni tana ratsa Mali kafin ta iso. A watan Satumban 2020 ruwan ya kai kusan mita 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa madatsu, ya shiga unguwanni. Ruwan da ya wuce Yamai kuwa Gaya ya nufa, kuma a hanya kogunan Mekrou da Alibori na Benin suna ƙara masa nasu. Hukumar kula da kogin, wato ABN, wadda aka kafa a 1980 kuma hedikwatarta ke Yamai, tana wallafa bayanan matsayin ruwa a shafinta. Kamfanin Google ma yana da shafin Flood Hub, taswira ce da ke nuna hasashen ambaliya har na kwana bakwai gaba, kuma Nijar da Najeriya suna ciki. Hasashe ne, yana iya kuskure, sanin gaibu sai Allah. Amma ga manomin shinkafa a Tara ko Gatawani, gargaɗin kwana uku ya ishe shi ya janye injin ban-ruwa daga gaɓa, ya kwashe buhunan taki zuwa tudu, ya kora dabbobi daga tsibiri.

Shafin da ya fi cancantar kowane manomin Dandi ya sani shi ne na RECA, haɗaɗɗiyar ƙungiyar majalisun manoma ta Nijar. A ciki akwai takardun bayani kan noman albasa, tumatir, zogale, shinkafa da kiwon kaji, da hotunan ƙwari da cututtukan da ke kama su, waɗanda aka ɗauka a gonakin Nijar. RECA tana kuma bin diddigin magungunan feshi da ake sayarwa a kasuwannin ƙasar, tana bambance waɗanda kwamitin ƙasashen Sahel ya amince da su da waɗanda suka shigo ta bayan fage. Wannan batu ne da ya shafi Gaya kai tsaye. Kwalaben magani suna shigowa daga Najeriya da rubutun Turanci a jikinsu, mai sayarwa bai karanta ba, mai saye bai karanta ba, sai a auna da murfin kwalba a zuba a famfon feshi, wani lokaci maganin auduga ne ake fesa wa kabeji ana saura kwana biyu a kai shi kasuwa. Ma'aikatan RECA suna amsa tambayoyin manoma ta waya da WhatsApp cikin Hausa da Zabarmanci: manomi ya ɗauki hoton ganyen da ya nannaɗe ko tsutsar da ya tarar a zuciyar masara, ya tura, a gaya masa sunan cutar da abin da ya dace ya yi. Tun da tsutsar nan mai cin masara ta bayyana a Afirka ta Yamma a 2016, irin wannan shawara ta zama abin nema ruwa a jallo. Kusa da wannan akwai Duddal, ɗakin karatu na intanet da ya tara rahotanni da littattafan noma da kiwo na Nijar, waɗanda a da sai mai hanya a ma'aikatu yake ganinsu.

Wanda bai iya karatun boko ba ma an tanadar masa nasa. Shafin Access Agriculture, wanda aka kafa a 2012, ya tara bidiyoyin da manoma ke koya wa manoma, an fassara su cikin harsuna da yawa, har da Hausa da Zabarmanci da Dandanci. Cikinsu akwai jerin bidiyo kan yaƙi da ƙuduji, ciyawar nan mai jan fure da ke tsotse gero da dawa. Ana nuna yadda tushe ɗaya ke zubar da dubban iri ƙanana kamar ƙura, waɗanda ke iya kwanciya a ƙasa shekara goma ko fiye suna jiran saiwar hatsi, shi ya sa tuge ta kafin ta yi iri ya fi tuge ta bayan ta zubar. Ana nuna haɗa gero da wake a gona ɗaya, da yadda ake haɗa takin gargajiya a rami. Mutum ɗaya ya isa ya sauke bidiyon a inda sabis ke da ƙarfi, sauran su karɓa daga wayarsa ba tare da sun kashe ko dala ba, a kalla a majalisa bayan sallar isha'i.

Ga 'yan kasuwa kuma akwai SIMA, hukumar da ke tattara farashin kayan gona a kasuwannin Nijar. Tana fitar da rahoto a kai a kai kan kuɗin gero, dawa, masara, shinkafa da wake, har da kasuwannin ƙetare irin su Malanville, Illela da Jibiya. Babban dillali yana da yaransa a kowace kasuwa, waya ɗaya zai buga ya san farashi. Ƙaramin ɗan kasuwa da ƙungiyar mata masu ajiyar hatsi su ne ba su da wannan gata, kuma su ne rahoton SIMA zai fi amfana, musamman tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, lissafin sefa da naira ya riƙa sauyawa cikin mako guda. Batun doka ma haka yake. Lokacin da gwamnati ta hana fitar da hatsi zuwa waje a watan Oktoban 2024, in ban da Mali da Burkina Faso, cikakken bayanin ya fito a shafukan jaridar Le Sahel da kamfanin dillancin labarai na ANP, inda ake buga sanarwar taron ministoci. Wanda ya karanta can ya san abin da aka hana da abin da ba a hana ba kafin ya loda mota. Mai son jin labarin cikin harshensa yana da Studio Kalangou, da ke shirya labaran Nijar tun 2016 cikin Faransanci, Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da Tamashek, kuma ana iya sauraren shirye-shiryen a shafinsu.

Akwai darasi a abin da ya sami FEWS NET, shafin gargaɗin yunwa da Amurka ta kafa a 1985. A farkon 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a waje, shafin ya ɓace na tsawon watanni kafin ya dawo. Duk takarda ko bidiyo mai amfani da aka samu, a sauke a adana a waya ko a kwamfutar makaranta, kada a dogara da cewa gobe yana nan.

Wani abin da zai ba ɗalibin Gaya mamaki shi ne yawan abin da aka rubuta a kan garinsu. A ranar 12 ga Yulin 2005 kotun duniya da ke Hague ta yanke hukunci kan rikicin iyaka tsakanin Benin da Nijar, ta ba Nijar tsibirai 16 cikin 25, har da tsibirin Lete da aka daɗe ana jayayya a kansa, ta ba Benin 9. Hukuncin yana nan a shafin kotun, da Faransanci da Turanci, da taswirori da bayanin takardun zamanin Turawa da aka kafa hujja da su. Ya ma fayyace inda iyaka ta ratsa a kan gadojin Gaya da Malanville: tana bin layin da aka shata a cikin ruwa ne a ƙarƙashinsu. Malamin tarihi a kwaleji zai iya gina darasin mako guda a kan wannan takarda, da ɗalibai waɗanda iyayensu suka ga rikicin da idonsu. Cibiyar bincike ta LASDEL, mai ofisoshi a Yamai da Parakou, tana sakin rahotanninta kyauta, kuma akwai waɗanda suka shafi mulkin gargajiya da na kwamin a wannan yanki. Masanin nan Olivier Walther ya yi nazarin manyan 'yan kasuwar Gaya, Malanville da Kamba a littafin da ya fitar a 2008. Ga yara akwai African Storybook mai gajerun labarai da hotuna cikin Hausa, ga almajiran ilimi kuma akwai Tanzil, inda fassarar Alƙur'ani ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi take a jere da nassin Larabci.

Za a ce, kuma da gaskiya, mafi yawan waɗannan shafuka da Faransanci ko Turanci suke, mutane da yawa ba su yi boko ba, data na da tsada, wuta kuma ba ta da tabbas. Ba a manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, cajin waya ya zama aiki. Amma ba a buƙatar kowa ya buɗe shafin da kansa. Gaya gari ne da ya saba da tafinta, yaro ɗaya yana ciniki da Hausa da Dandanci da Faransanci a wuni guda. Abin da ya rage shi ne a tsara aikin. Gidajen rediyon garin su ware minti goma kowane mako, wani ya karanto farashin SIMA da matsayin kogi, ya faɗi inda ya samo su. Kowace ƙungiyar manoma da ta masunta ta naɗa matashi ɗaya mai karatu, ta saya masa data, ya riƙa tura saƙon murya tare da sunan shafin da ranar da aka wallafa bayanin. Jami'ar Dosso, wadda aka kafa a 2014 kuma ta karkata ga fasahar sadarwa, tana da ɗaliban da za su iya horar da waɗannan matasa a lokacin hutu.

Horon ya haɗa da gane shafin ƙarya. Mutanen iyaka sun ji yadda shafin MMM ya tafi da kuɗin jama'a a Najeriya a ƙarshen 2016, da yadda CBEX ya maimaita haka a 2025. Shafukan masu amfani da aka ambata a sama kuwa ba sa neman lambar sirri, ba sa alkawarin ninka kuɗi, kuma akwai hukuma ko ƙungiya mai ofis da suna a bayan kowannensu.

Sannan Gaya tana da abin da za ta ba intanet. Da yawa daga abin da aka rubuta a kanta baƙi ne suka rubuta, da harsunan da tsofaffin garin ba sa ji. Yadda ake dafa gishirin Fogha, dazukan giginya da muruci na Dallol Mauri, noman rake, tarihin Kyangawa da Dandawa, sunayen unguwanni da mashigun ruwa, duk suna bakin dattawa. Wikipedia ta Hausa a buɗe take ga duk mai iya rubutu da kawo hujja, taswirar OpenStreetMap kuma kowa na iya sa mata sunan ƙauyensu da rijiyarsu da asibitinsu, abin da masu kai agaji ke dubawa idan ambaliya ta raba gari da hanya.

Wurin farawa ba shi da nisa. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda ke aiki tun 1974, takan fitar da hasashen damina na ƙasashen Sahel wajen ƙarshen Afrilu kowace shekara: ko ruwa zai sauka da wuri, ko za a yi dogon fari a tsakiya, ko koguna za su cika fiye da yadda aka saba. Gaya na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, kuma tana cikin masu fara shuka. Ya dace a ce kafin manomin Tanda ko Bengou ya zaɓi irin da zai shuka bana, ya riga ya ji wannan hasashe a rediyo cikin harshensa, tare da bayanin abin da yake nufi ga gonar tudu da ta fadama.