Kada a Kange Hanyar Lissafi

Tun a shekarar 1474, lokacin da mahukuntan birnin Benis na ƙasar Italiya suka kafa doka game da masu ƙirƙire-ƙirƙire, har zuwa yau da yarjejeniyar cinikayya ta duniya ta 1994 ta tsayar da wa'adin shekara 20, asalin takardar haƙƙin ƙirƙira bai wuce ciniki tsakanin mutum ɗaya da jama'a ba: shi ya bayyana sirrin abin da ya ƙago dalla-dalla, ita kuwa hukuma ta hana kowa yin irinsa sai da izininsa, har wa'adi ya cika abin ya zama na kowa. Babakere ne, ba shakka, amma an haƙura da shi domin maslahar da ke bayansa. To, da yake malaman usulu sun karantar da mu cewa hukunci yana tafiya ne tare da illarsa, wato dalilinsa, ya wajaba a tambaya ko wannan illa tana nan a sha'anin manhajar kwamfuta. Ni a ganina ba ta nan.

Manhaja, idan aka tuɓe mata ado, jerin umarni ce da ake bi ɗaya bayan ɗaya har a kai ga amsa, wato dai hanya ce ta hisabi, irin wadda Al-Khawarizmi ya tsara a Bagadaza a ƙarni na 9 domin warware matsalolin aljabara da na wasiyya, ko wadda Muhammad bin Muhammad al-Kashnawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta game da cika gidajen hatimi da lambobi. Da a ce wani ya sami ikon hana malamin fara'id bin wata hanya ta fitar da asalin mas'ala sai ya biya shi, da kowa ya ce wannan zalunci ne. Canja alƙalami da allo zuwa na'ura kuwa bai canja haƙiƙar aikin ba. Sannan mai rubuta manhaja ba maraya ba ne a gaban shari'a, domin dokar haƙƙin marubuci ta riga ta kare rubutunsa kamar yadda take kare littafi, kuma Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa irin waɗannan haƙƙoƙi abin kiyayewa ne. Bambancin shi ne, dokar haƙƙin marubuci ɓarawon rubutu take kamawa, alhali takardar ƙirƙira tana kama har wanda ya zauna shi kaɗai ya yi tunani ya isa ga hanya guda, ba tare da ya taɓa jin sunan wanda ya riga shi zuwa ofis ba.

Amurka ce ta fi kowa ɗanɗana wannan al'amari, kuma tarihin kotunanta ya isa darasi. A 1972 Kotun Ƙolinta ta ƙi yarda a mallake wata hanya ta juya lambobi daga wani tsari zuwa wani, bisa hujjar cewa yin haka mallake lissafin ne kansa. A 1981, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta amince da wata hanyar gasa roba wadda kwamfuta ke lissafa lokacin buɗe murfin injin, kuma wannan hukunci yana da fuska, tunda roba ake sarrafawa a zahiri. Sai dai ƙofar da aka buɗe kaɗan, wata kotun ɗaukaka ƙara ta zo a 1998 ta wangale ta, ta ce har dabarun kasuwanci ana iya mallaka. Shekara ɗaya bayan haka kamfanin Amazon ya karɓi takarda a kan sayen kaya da latsawa ɗaya tak, ya kuma kai abokin hamayyarsa Barnes & Noble ƙara; wa'adin takardar bai cika ba sai 2017.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan muni. An sami kamfanoni waɗanda ba sa ƙera kome, ba sa sayar da kome, sana'arsu kawai su tara takardu su jira wani ya yi arziki su aika masa da sammaci, galibi a kotunan gabashin Texas inda suka ga hukunci yana yi musu daɗi. A 2006 masu wayar BlackBerry sun biya wani kamfani mai suna NTP dala miliyan 612.5 don kada a rufe musu aiki a Amurka. Babban kamfani yana iya biya ya wuce. Saurayin da ya fara sana'a da kwamfuta ɗaya kuwa, kuɗin lauya kaɗai ya isa ya durƙusar da shi, ko da gaskiya tana gefensa. Sai a 2014, a shari'ar Alice da bankin CLS, alƙalan Kotun Ƙoli baki ɗaya suka ce ɗauko tsohon tunani a ce "a yi shi da kwamfuta" bai zama ƙirƙira ba.

Masu goyon baya suna cewa idan babu kariya babu mai zuba jari, kuma ba daidai ba ne a fifita injiniyan ƙarfe a kan injiniyan manhaja. Wannan magana ƙiyasi ce tare da bambanci. Mai haɗa magani yakan shafe shekaru yana gwaji da dukiya mai yawa kafin ƙwaya ɗaya ta shiga kasuwa, kuma takarda ɗaya ko kaɗan suke rufe ta. Manhaja ɗaya kuwa tana ɗauke da dubban ƙananan dabaru, ba mai iya bincika ko wacce cikinsu wani ya riga ya yi wa rajista, shekara 20 kuma a wannan fage ta fi tsawon rayuwar na'urar da aka rubuta dominta. Bugu da ƙari, bayanin da ake alkawarin jama'a za su samu yakan zo ne cikin harshen lauyoyi, ba tare da ainihin rubutun manhajar ba, har ma akan shawarci injiniyoyi kada su karanta, don kada a ce da gangan suka keta. Intanet ɗin kanta, da tsarin shafukanta da cibiyar CERN ta sakar wa duniya kyauta a 1993, shaida ce cewa fagen yana bunƙasa ba tare da shinge ba.

Turai ta rubuta tun a yarjejeniyar 1973 cewa manhaja, a zatinta, ba ƙirƙira ba ce, ko da yake ofishinta na rajistar ƙirƙira yakan bi ta bayan gida da sunan "tasirin fasaha". A 2005 majalisarta ta yi watsi da wani daftarin doka kan batun da ƙuri'a 648 a kan 14. Indiya da New Zealand su ma sun cire manhaja zalla. A Nijeriya kuwa hatsarin ya ninka, domin dokar haƙƙin ƙirƙira ta 1970 ba ta ambaci kwamfuta ba, kuma magatakarda siffar takarda kawai yake dubawa, ba ya binciken ko abin sabo ne. Duk ranar da majalisa ta zauna gyaran wannan doka, ya kamata ta rubuta ƙarara cewa na'urar da ke sarrafa wani abu na zahiri tana iya samun takarda ko da manhaja ke tafiyar da ita, amma hanyar lissafi da dabarar ciniki ba sa samu, kuma kada a ba da kowace takarda sai masana sun bincika.