Daga Duwatsun Birnin Kudu Zuwa Fadamar Dagona, Mu Uku Har Da Kare



A hunturun da ya wuce na ɗauki kawuna a mota, muka kama hanyar gabas daga Kano. Tsohon maharbi ne, ya ajiye baka da kwari tun tuni, amma bai rabu da karensa Duna ba. Da na ce a bar shi a gida sai ya girgiza kai, ya ce, "Ɗana, wanda ya san daji ba a barinsa a tsakar gida." Haka muka shimfiɗa buhu a bayan mota, muka sa jarkar ruwa da kwano da igiya, Duna ya haye ya kwanta. An yi masa allurar rigakafin haukan kare kafin mu tashi, kuma wannan sharaɗi ne da ba zan sassauta wa kowa a kansa ba.

Abin da nake son faɗa yau shi ne, mun saba wuce tarihinmu da gudu. Mota ta fi ƙarfin idonmu. Wannan karen ne ya tilasta mana tsayawa, don ba a rufe dabba a cikin mota da rana, kuma duk bayan 'yan sa'o'i sai ya sha ruwa ya miƙe ƙafa. A irin wannan tsaye-tsayen muka ga abin da muka gani.

Zangon farko Birnin Kudu, a jihar Jigawa. Matafiya nawa ne ke sayen tsire a bakin titi su wuce, ba su san akwai zanen mutanen dā a jikin duwatsun garin ba? A Dutsen Mesa da Dutsen Habude, ƙarƙashin inuwar manyan duwatsu, akwai siffofin shanu da aka zana da jan launi. Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna da sandarsa ya ce, "Duba, ba su da tozo." Gaskiyarsa. Shanun da ke jikin dutsen ba irin waɗanda Fulani ke kora a yau ba ne, wato wani irin garke ne ya taɓa kiwo a wannan ƙasa kafin wanda muka sani. Makiyayi ko maharbi kan gane wannan da kallo ɗaya, ɗan boko kuwa sai ya karanta.

A nan kuma ake samun duwatsun kiɗa, waɗanda masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya rubuta labarinsu a 1956, shi ne kuma mutumin da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Wani yaro da ya raka mu ya ɗauki ɗan dutse ya ƙwanƙwasa gefen wani falalen da ya lotsa saboda yawan bugu. Sai ƙara ta tashi kamar ta ƙarfe, siririya, tana yawo tsakanin duwatsu. Duna ya tsaya cak, kunnuwa a miƙe, ya karkata kai yana neman inda sautin ya fito. Ni ma tsigar jikina ta tashi. Wannan lotsawar hannaye ne suka yi ta, hannu bayan hannu, tsara bayan tsara.

Daga nan muka bi ta Potiskum zuwa Damaturu, inda aka ajiye kwalekwalen Dufuna. Wani makiyayi ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya a yankin Fune, aka tono shi a 1994. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa sun kai kimanin 8,000, kuma babu jirgin ruwa da aka taɓa samu a Afirka da ya girme shi. Ku yi tunani, a ƙasar da yau rairayi ke kwararowa, an taɓa sassaƙa itace ana tuƙi a ruwa. Ina ganin ya kamata kowane ɗan makaranta a Arewa ya san sunan Dufuna kamar yadda ya san rijiyar Kusugu. A cikin gari Kawu ya zauna da karensa a gindin darbejiya, nesa da masallaci da masu abinci, domin mutane da dama ba sa son kare ya raɓe su, kuma haƙƙinsu ne.

Sai muka nausa arewa, wajen Gashuwa, zuwa Dagona, mafakar tsuntsaye da ke cikin fadamun Haɗeja da Nguru. A lokacin sanyi tsuntsaye kan ƙetaro Sahara daga Turai su sauka a nan. Masunta da manoman yankin kuwa kukansu biyu ne: ambaliyar da ke raya fadama ta ragu tun bayan gina madatsun Tiga da Challawa, ga kuma ciyawar kachala da ta toshe hanyoyin ruwa. Wanda bai taka wurin da ƙafa ba, ba zai fahimci nauyin wannan kuka ba.

Ba mu shiga da Duna cikin mafakar ba. Kare ɗaya da aka saki zai iya tayar da garken tsuntsayen da suka sha doguwar tafiya suna neman hutu. Mun bi wata 'yar hanyar masunta a gefen gari da asuba, igiya a hannun Kawu, hazo na kwance a kan ruwa. Can sai jerin agwagin ruwa suka taso ta samanmu, fikafikansu na fito. Jikin Duna ya ɗauki rawa, ya ja igiya sau ɗaya. Kawu ya durƙusa, ya dafa wuyansa, ya ce a hankali, "Kwanta. Waɗannan baƙi ne." Ya kwanta a kan danshi, muka tsaya har suka ɓace ta bayan kachala.